Kaji, Hankaka da Tsohon Jaki: Ƙananan Taurari a Gandun Dabbobi

 

Duk ɗalibin da aka koya wa Gandun Dabbobi a aji, tun ranar farko ake damƙa masa mabuɗin littafin. Alade Maitumbi shi ne Stalin, alade Ɗantulu shi ne Trotsky, tsohon alade Dattijo ya haɗa Karl Marx da Lenin a jikinsa, Nomau mai gandu kuwa Sarkin Rasha ne, Nikolas na biyu. Ɗalibi ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, ya ci makinsa. Mabuɗin gaskiya ne. George Orwell ya rubuta littafin tsakanin Nuwamban 1943 da Fabrairun 1944, aka buga shi a Landan ranar 17 ga Agustan 1945, bai kuma ɓoye wa kowa cewa da Tarayyar Sobiyet yake ba. Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da shi Hausa a 1975, sunayen nan suka shiga bakin ɗalibai. Sai dai ɗaki uku ko huɗu kawai mabuɗin yake buɗewa. Gandun cike yake da dabbobin da ke leƙowa a shafi ɗaya ko biyu su wuce, a jikinsu kuma marubucin ya ajiye amsar tambayar da ta fi damunsa: yaya aka yi 'yan aladu suka haye kan masu ƙaho da masu kofato da suka ninka su yawa, suka kuma daɗe a kai? Waɗannan ƙananan taurari za a kira su a nan da sunayen da Orwell ya raɗa musu.

Mutumin ya san dabba. A 1936 ya koma wani ƙauye mai suna Wallington a Ingila, yana da ɗan kanti, yana kiwon kaji da awaki, har yakan rubuta yawan ƙwan da kajinsa suka saka kowace rana. Akuyarsa sunanta Muriel, sunan da ya ba akuyar cikin labarin. Ya san mulkin ƙarfi daga ciki, don ya yi shekara biyar yana aikin ɗan sanda ƙarƙashin Turawan mulkin mallaka a ƙasar Bama. Ga shi kuma da tsantseni. A Maris na 1945, littafi yana hannun masu ɗab'i, ya aika musu su gyara jimla guda. Inda aka tarwatsa injin mai aiki da iska da dabbobi suka gina, da ya rubuta cewa dabbobi duka sun zube ƙasa don tsoro har da Maitumbi. Sai ya ce a fid da Maitumbi daga cikinsu, saboda Stalin bai bar Mosko ba sa'ad da sojan Jamus suka doso ta a 1941. Wanda ya yi wa abokin gabarsa irin wannan adalci a kan kalma ɗaya, ba zai sa kaza ko kyanwa a labari don cike gurbi ba.

A fara da kaji. A babi na bakwai sanyi ya tsananta, rumbu ya yi ƙasa. Maitumbi ya ƙulla yarjejeniyar sayar da ƙwai 400 kowane mako don a sayo hatsi. Kajin kuwa shirin kwanci suke yi, ga shi tun a jawabin Dattijo kafin tawaye, kwashe ƙwai yana cikin laifuffukan da ya lissafa wa ɗan Adam. Sai wasu matasan kaji uku baƙaƙe suka shige gaba, sauran suka bi, suka haye azarar rufi suna saka ƙwan daga can, yana faɗowa ƙasa yana fashewa. Maitumbi bai tsaya gardama ba. Ya yanke musu abinci, ya ce duk dabbar da ta ba kaza ko da ƙwayar hatsi ɗaya, hukuncinta kisa. Kwana biyar suka yi suka sauko. Tara sun mutu. Aka binne su a lambu, aka sanar cewa cutar kaji ce ta kashe su, motar ɗan kasuwa ta ci gaba da zuwa ɗaukar ƙwai mako-mako.

Shafi ɗaya ke nan, amma ya ɗauki tarihin miliyoyin mutane. Daga 1929 Stalin ya tilasta wa manoma su haɗe gonakinsu da dabbobinsu a gandayen gwamnati. Manoma da yawa suka gwammace su yanka shanunsu su cinye da su miƙa su, cikin shekara huɗu kusan rabin shanun ƙasar suka ƙare. Gwamnati ta ci gaba da kwashe hatsi tana fitarwa waje don sayo injina. Dokar 7 ga Agustan 1932 ta tanadi harbi ko ɗaurin shekara goma ga wanda ya taɓa dukiyar gandun gwamnati, aka kuwa yi amfani da ita har a kan masu kalar zangarniya bayan girbi. Yunwar 1932 zuwa 1933 ta ci sama da mutum miliyan uku a Yukren kaɗai, ban da Kazakistan da yankin kogin Volga.

A duk tsawon littafin, babu wanda ya ce wa aladu a'a da aiki sai kaji. Su ne mafi rauni a gandun, makaminsu guda ne, shi ne su lalata abin da ya fito daga cikinsu. Akawal, doki mai ƙarfin da ya taɓa danne kare da kofato ɗaya har karen ya yi ta kururuwa, yana nan yana jan dutse kwana biyar ɗin nan. Bai kai wa kaza tsaba ɗaya ba.

Ranar yanka ta biyo baya. Samarin aladu huɗu da suka amsa laifin haɗa kai da Ɗantulu, kowa ya san su: su ne irin su Zinoviev da Kamenev da Bukharin, manyan 'yan jam'iyya da aka gurfanar a Mosko tsakanin 1936 da 1938. Waɗanda suka biyo bayansu ba su da suna. Kajin nan uku suka ce Ɗantulu ya zo musu a mafarki. Wata dinya ta ce ta ɓoye zangarniya shida ta ci da dare. Wata tunkiya ta ce ta yi fitsari a wurin shan ruwa. Mai karatu zai so ya yi dariya, dariyar ta maƙale, domin duk an kashe su a nan take. Takardun 'yan sandan asirin Sobiyet da kansu sun nuna an harbe mutum wajen 680,000 a 1937 da 1938, mafi yawansu kuwa manoma ne da leburori da ƙananan ma'aikata, irin dinyar nan da tunkiyar nan.

To me ya hana duniya ta sani? Nan Whymper ya shigo. Ƙaramin lauya ne daga garin Willingdon, ya hango cewa gandun zai buƙaci dillali, la'adar kuma za ta yi tsoka. Kowace Litinin yana zuwa. Da yunwa ta yi tsanani, sai Maitumbi ya sa aka cika mazuban hatsi da yashi, aka yayyafa ragowar tsaba a sama, aka ratsa da shi ta ɗakin ajiya kamar ba da gangan ba, aka kuma tsara wa wasu tumaki su riƙa faɗa a kusa da kunnensa cewa an ƙara musu abinci. Ya fita ya shaida wa mutane babu yunwa a gandu. Rasha ta samu irinsa da yawa. A Maris na 1933 wani matashin ɗan jarida daga Wales, Gareth Jones, ya ratsa ƙauyukan Yukren da ƙafa, ya fito ya faɗi abin da ya gani. Walter Duranty na jaridar New York Times, wanda ya karɓi kyautar Pulitzer a 1932, shi ya fito ya ƙaryata shi. A wannan shekarar aka zagaya da Edouard Herriot, tsohon firaministan Faransa, wuraren da aka share aka gyara dominsa, ya koma gida ya ce shi bai ga yunwa ba. Orwell bai zana Whymper a matsayin mugu ba. Mutum ne da abincinsa yake cikin kada ya tura hannu cikin mazubi. A ƙarshen littafi har ya sayi keken doki.

Hankaka Moses ya fi kowa buƙatar a bi shi a hankali. Shi ɗan lelen Nomau ne, ɗan leƙen asiri mai kai gulma, ba ya aikin komai, Nomau yana ba shi ɓawon burodi da aka jiƙa da giya. Sana'arsa ba dabbobi labarin wata ƙasa can bayan gajimare inda sukari yake tsirowa, inda kowace dabba za ta huta bayan mutuwa. Da aka yi tawaye ya bi matar Nomau ya gudu. Bayan shekaru, a babi na tara, sai ga shi ya dawo. Aladu suka ce labarinsa ƙarya ne, amma suka bar shi ya zauna ba aiki, suka kuma yanka masa awon giya kullum.

Orwell yana rubuta wannan ne abin yana da ɗumi. Gwamnatin da ta rushe babbar majami'ar Mosko da nakiya a Disamban 1931, ta rufe dubban majami'u, ta kashe limaman Kirista ba adadi, ita ce a ranar 4 ga Satumban 1943 shugabanta Stalin ya kira manyan limaman Cocin Otodoks uku zuwa fadar Kremlin da dare, kwana huɗu bayan haka aka zaɓi Sergius shugaban cocin. Ana tsakiyar yaƙi da Jamus, gwamnati tana son duk abin da zai ƙarfafa zuciyar talaka. Wata biyu bayan wannan Orwell ya fara littafinsa. Shi kansa ba mai addini ba ne, mai imani kuma yana da damar ya ƙi yarda da shi a kan lahira. Amma abin da ya nuna a jikin hankakan ya fi ƙunci da haka: mai wa'azin da iyayen gida biyu masu gaba da juna suka ciyar da shi da abu iri ɗaya, giya a hannun Nomau, giya a hannun Maitumbi. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin wannan matsala, ta kuma san kishiyarta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubutu mai zafi a kan malaman da ke sayar da iliminsu a fada, kuma a taron Magami ya ƙi karɓar kyautar Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo, ya nemi a sassauta wa talakawa haraji, a saki ɗaurarru, a bar shi ya yi wa'azi.

Mollie, farar goɗiya mai son sukari da ƙyallen ado a geza, galibi ana wuce ta da jimla ɗaya: masu hali ne da suka gudu bayan juyin 1917. Haka ne. Sama da mutum miliyan ɗaya suka bar Rasha, a Nuwamban 1920 kaɗai jiragen ruwa suka kwashe kusan 150,000 daga Kirimiya zuwa Istanbul, tsofaffin hafsoshi suka koma tuƙin tasi a Paris. Ita ma Mollie tattabaru sun hango ta a ƙofar wata mashaya, an ɗaura mata keke, wani mai jan fuska yana shafa hancinta yana ba ta sukari. Daga nan ba a sake ambatonta ba. Amma a bi sukarin da ƙyallen a ga inda suka ƙare. Ɗantulu ne ya ce mata ƙyallen alamar bauta ce, ya kuma jefa na ɗakin linzami cikin wuta. A babi na tara sai ga doka: kowane alade yana da izinin ɗaura koren ƙyalle a wutsiya ranar Lahadi. Sukari kuwa ana sayowa don teburin Maitumbi shi kaɗai. Abin da aka kunyata Mollie a kansa bai bar gandu ba, hannu kawai ya sauya. Marubucin ya yi mata ba'a ba tausayi, duk da haka a cikin dawakan gandun ita ce ba ta tsufa da yunwa ba.

Wasu kuma ƙiftawa ɗaya ta ishe su. Kyanwa ta jefa ƙuri'a a ɓangare biyu tun a taron farko, ba a ganinta lokacin aiki sai lokacin ci, kuma ita kaɗai ta ɓace dab da a kira taron yanka. Tattabarun da ake aikawa gandayen maƙwabta su ne ƙungiyar Kwamintan, wadda aka kafa a 1919 don yaɗa juyi, Stalin ya rushe ta a 1943 don ya faranta wa Ingila da Amurka. Akwai baƙin zakara mai yi wa Maitumbi zagi da cara, akwai ɗan alade Pinkeye mai ɗanɗana masa abinci don tsoron guba. Akwai kuma Minimus, mawaƙin fada, wanda aka maye waƙar tawaye da tasa. A 1944 Sobiyet ta sauke tsohon taken ma'aikatan duniya ta ɗora sabo mai yabon Stalin. Ɗaya daga cikin marubutansa, Sergei Mikhalkov, shi ya sake gyara baitocin a 1977 aka cire Stalin, shi ya sake rubuta su a 2000 don sabuwar Rasha. Osip Mandelstam, wanda ya yi wa Stalin zambo, ya mutu a sansanin ɗaurarru kusa da Vladivostok a 1938.

Tumaki ma ana raina su, alhali a jikinsu aka shafa wa Ɗantulu laifi. Shi ne da ya ga ba za su iya riƙe dokoki bakwai na gandun ba, ya dunƙule musu su cikin take ɗaya mai yabon ƙafa huɗu da kushe ƙafa biyu. Da wannan taken suka riƙa katse masa jawabi bayan Maitumbi ya saye su. Ɗantulu ma ya yarda a keɓe wa aladu madara da tuffa. Orwell ya rubuta wa Dwight Macdonald a 1946 cewa nan ne labarin ya juya, ya kuma danganta wurin da Kronstadt, inda dakarun da ke ƙarƙashin Trotsky suka murƙushe sojojin ruwan da suka yi bore a 1921. Duk ɗalibin da ya fita aji yana ganin da Ɗantulu ya yi nasara da an zauna lafiya, bai lura da tumaki ba.

Inda littafin ya fi nauyi shi ne gindin bangon da aka rubuta dokokin nan bakwai da farin fenti. A babi na uku Orwell ya tsaya ya lissafa iyakar karatun kowa, abin da mai gaggawa zai ɗauka raha ce. Akawal bai wuce harafi na huɗu ba. Mollie haruffan sunanta kawai ta yarda ta koya. Clover, goɗiya mai halin uwa, ta san haruffa duka amma ba ta iya haɗa su. Muriel tana karatu, har takan tsinto yagaggun jaridu a juji ta karanta wa sauran da yamma. Jaki Benjamin kuwa ya iya kamar kowane alade, sai dai ya ce bai ga abin da ya cancanci a karanta ba.

Wannan jeri shi ya yanke makomar gandun. Da aladu suka fara kwana a gado, Clover ta tuna akwai dokar da ta hana. Ta je bango ta kasa haɗawa, ta kira Muriel. Muriel ta karanta daidai abin da ke rubuce, har da kalmomin da aka ƙara cikin dare, waɗanda suka mayar da haramcin kan zanen gado kawai. Clover ta ce watakila ita ce ta manta. Bayan ranar yanka ta koma, ta roƙi Benjamin ya karanta mata dokar kisa, ya ƙi, ya ce ba ya shiga irin waɗannan lamurra. Aka sake kiran Muriel, aka sake samun ƙari. Muriel ba ta taɓa yin ƙarya ba, ba ta kuma taɓa tambayar wa ya riƙe burushi ba, don haka gaskiyar karatunta ta zama hatimi a kan jabu. A Sobiyet haka ake goge mutum daga hoto in ya faɗi, kamar yadda aka goge Yezhov, shugaban 'yan sandan asiri, daga hotonsa da Stalin a bakin ruwa. Bayan rasuwar Orwell ma, da aka kashe Beria a 1953, an aika wa masu sayen babban kundin sani na ƙasar sababbin shafuka a kan tekun Bering, aka ce su yanke na Beria su manna waɗannan.

Benjamin ya ga komai. Daren da aka ji ƙara aka tarar da Karambana, kakakin aladu, a gindin bangon a ƙasa, ga karyayyen tsani, ga fitila, ga burushi da gwangwanin fenti, shi kaɗai ya gane, ya gyaɗa kai, ya yi shiru. Sau ɗaya aka taɓa ganinsa yana sukuwa, ranar da mota ta zo ɗaukar Akawal da sunan asibiti. Ya ture Muriel da ke ta haɗa baƙi, ya karanta rubutun jikin motar da ƙarfi: ta mahaucin dawaki ce. Kafin dabbobi su iya tare ta, mota ta fita ƙofa. Aladu suka sayi akwatin barasa da kuɗin. Wasu masu nazari suna cewa Benjamin masu ilimin Rasha ne da suka ja bakinsu, wasu suna cewa Orwell ne da kansa. Na biyun yana da wuyar karɓa ga mutumin da aka harba a maƙogwaro a yaƙin Sifaniya a 1937, ya tsere daga Basalona 'yan kwaminis na farautar abokansa, ya dawo ya rubuta abin da ya gani alhali ba a son ji. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne, ya san irin Benjamin a cikin marubutan Landan na zamanin yaƙi, waɗanda suka san halin Stalin suka ga ba lokacin faɗa ba ne.

Salon mayar da mutane dabbobi yana da rauninsa, T. S. Eliot kuma ya taɓo shi a 1944 lokacin da ya ƙi karɓar littafin a madadin kamfanin Faber. Ya ce ai aladun sun fi sauran basira, don haka su suka cancanci riƙon gandu, abin da ake buƙata kawai aladu masu kishin jama'a. Ko da siyasar yaƙi tana cikin dalilan ƙin nasa, maganar tana da ƙashi. In aka mayar da ajin mutane jinsin dabba, to tunkiya tunkiya aka haife ta, ba makarantar da za ta mayar da ita wani abu, alhali manomin da bai yi karatu ba jikansa na iya zama alƙali. Kaji da Benjamin ne suka ɗan rage wa littafin wannan nauyi, domin masu ƙaramar ƙwaƙwalwa sun yi abin da mai babba ya ƙi yi.

Masu fim sun ga giɓin da shirun Benjamin ya bari sun cike shi yadda suke so. Orwell ya rasu a Janairun 1950. A 1954 kamfanin Halas da Batchelor na Ingila ya fitar da labarin a fim ɗin zane, daga baya ta bayyana cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, tana cikin waɗanda suka zuba kuɗin a ɓoye. A littafi, labari ya ƙare ne aladu da mutane suna caca a teburi ɗaya, abin da Orwell ya ce taron Tehran na 1943 ne ya sa shi rubutawa, inda Stalin ya zauna da Churchill da Roosevelt. Fim ɗin ya kawar da mutanen daga teburin, ya bar aladu su kaɗai da laifi, sannan ya ɗauko Benjamin ya sa shi a gaban dabbobi, suka afka wa gidan suka kifar da Maitumbi.